YADDA AKE ƊAURA MAZAUNIN INJI A BAYAN JIRGIN KAI WA KIFI ABINCI



Darasinmu na yau na masu niyyar kiwon kifi a keji ne, wato waɗanda ke son kafa keji a cikin dam ko babban tafki maimakon haƙa rami ko gina tanki a gida. Wannan salon kiwo ba sabo ba ne. A Ghana, akasarin karfasar da ake kiwatawa daga kejin da ke kan tafkin Volta take fitowa, mu ma kuma Allah ya hore mana manyan ruwaye irin su Tiga da Challawa da Kainji da Shiroro da Dadin Kowa da Goronyo. Sai dai mai keji yana da wata buƙata wadda mai tanki ba shi da ita, wato jirgi. Kifin keji ba ya fita kiwo, abin da ka kai masa shi zai ci, sau biyu ko uku a rana, ko ana iska ko ba a yi. In kejin na kusa da gaɓa, filafili ko gora sun wadatar. In kuwa ya yi nisa, ga buhunan abinci, to dole a nemi inji.

A nan ne mutane da yawa suke sake. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi inji, sau da yawa ma injin ya fi jirgin tsada, amma abin da zai riƙe injin sai a bar wa yaron kafinta ya buga da ƙusa huɗu. Ranar da katakon ya saki, inji ya tafi ƙasan ruwa, kifi ya kwana da yunwa, wani lokacin ma ruwa ya shigo ta inda allon ya ɓalle alhali akwai mutane a ciki. Don haka yau za mu bi aikin daki-daki.

SUNAYEN DA ZA MU RIƘA AMBATA

Allon baya: shi ne faffaɗan katakon da ya rufe bayan jirgi, inda ake rataya inji.

Mazauni: shi ne abin da masu walda ke ce wa biraket. Firam ne na ƙarfe mai ɗauke da guntun katako mai kauri, ana ɗaure shi a allon baya, sannan a rataya inji a jikinsa.

Ƙafar inji: doguwar gaɓar da ta sauka cikin ruwa, wadda farfela ke ƙarshenta.

Faranti: wani shimfiɗaɗɗen fiffike da ke saman farfela kaɗan. Aikinsa ya hana farfela zuƙo iska daga saman ruwa. Duk awon da za mu yi, daga wannan farantin yake tashi.

YAUSHE AKE BUƘATAR MAZAUNI?

Ba kowane jirgi ne ke buƙatarsa ba. In tsayin allon bayanka ya yi daidai da ƙafar injinka, kuma katakon yana da kauri da lafiya, rataya injin kai tsaye ya fi sauƙi, ya kuma fi ƙarfi. Mazauni na shigowa ne a wurare uku. Na farko, in allon baya ya fi ƙafar inji tsayi, farfela ba ta kai ruwa yadda ya kamata. Na biyu, in allon ya karkace da yawa ko yana tsaye ƙyam, har injin ba ya iya tsayawa daidai. Na uku, in jirgin kwalekwale ne mai tsini gaba da baya, ba shi da allon baya gaba ɗaya.

Wasu in allon ya yi tsayi sai su sa zarto su yanke tsakiyarsa don inji ya sauka. A jirgin ɗaukar kaya wannan kasada ce. Da zarar ka rage gudu farat ɗaya, ko ka sa ribas, ko igiyar ruwa ta biyo ka ta baya, ta wannan giɓin ruwa zai kwararo. Mazauni yana ba ka damar sauke inji ƙasa ba tare da ka taɓa tsayin allon ba.

ME YA SA ƘUSA BA TA ISA?

Ka lura da yadda ƙarfin yake aiki. Farfela tana can ƙasa, wajen rabin mita daga inda aka rataya inji, tana tura jirgi gaba. Wannan turin yana danna ƙasan mazauni cikin allon baya, shi kuma samansa yana fizge shi waje, tamkar yadda kake zare ƙusa da bayan guduma. Nauyin injin shi ma wajen yake ja. Injin Yamaha mai doki 15, irin wanda masunta suka fi sani, yana kusan kilo 40, mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70. Ka haɗa da girgizar inji wadda ba ta tsayawa, da dukan igiyar ruwa, da karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, domin yawancin dam-dam ɗinmu daji ne aka cika da ruwa, itatuwan na nan a ƙasa.

Ƙusa da sukuru a cikin naman katako kaɗai suke riƙe. Katako ya jiƙe ya kumbura, ya bushe ya tsuke, a hankali ramin ya buɗe, wata rana su zare gaba ɗaya ba sallama. Shi ya sa ƙa'idar ita ce bol da noti, wanda zai ratsa allon ya fito ta ciki, a tare shi da faffaɗan abu. Kuma bol biyu na sama su ne ke shan wahalar da ta fi yawa.

KAFIN KOMAI, DUBA LAFIYAR ALLON BAYA

Mazauni ko da na ƙarfen jirgin ƙasa ne, ƙarfinsa ba zai wuce na katakon da aka ɗaure shi a kai ba. Ka fito da jirgin tudu ka yi masa gwaji uku.

Ka ƙwanƙwasa allon da ƙaramar guduma lungu-lungu. Lafiyayyen katako yana ba da sauti tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Sannan ka soka bakin sukundireba a kusurwoyi da wajen tsofaffin ƙusoshi. In ta nutse ba wahala, wurin ya ruɓe. Na uku, in ka zo hudawa ka kalli garin da ke fitowa. Busasshe mai haske alamar lafiya ce, baƙi mai danshi kuwa ka dakata, a canja allon tukuna.

Masu jirgin faiba kada ku ce wannan bai shafe ku ba. Yawancin irin waɗannan jiragen akwai filawud a tsakiyar allon bayansu, faiba ce kawai ta lulluɓe shi. Zai iya ruɓewa a ciki alhali waje na sheƙi. In ka ga tsaga a kusurwoyi, ko ruwa mai launin shayi na tsattsafowa ta tsohon rami, ko allon na lanƙwasa in an danna shi, to akwai gyara.

Kaurin da ake so ga inji har zuwa doki 15 shi ne santimita 4 zuwa 5. In naka bai kai ba, a ƙara masa wani katakon ta ciki wanda zai ratsa daga gefe zuwa gefe. Maɗaci da loko suna jure ruwa, su za ka nema, ba farin katako mai laushi ba. Sannan a sa tokara, wato guntayen katako masu kusurwa uku da za su haɗa allon da gefen jirgi dama da hagu, da wani da zai haɗa shi da ƙasan jirgi a tsakiya. Su ne ke raba ƙarfin inji ya shiga jikin jirgin duka, maimakon ya tsaya a allo ɗaya.

KADA INJI YA FI ƘARFIN JIRGI

Jirgin kai abinci ba na tsere ba ne. Jirgi mai nauyi da ke tafiya a cikin ruwa, ba a samansa ba, tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Mai tsawon ƙafa 20 zai tsaya wajen kilomita 11 a awa. In ka ƙara wuta bayan nan, bayansa ne kawai zai ƙara nutsewa, mai ya ƙone a banza. Don haka ga ƙaramin mai keji, inji mai doki 5 zuwa 15 ya isa. Babban inji ƙarin nauyi ne a kan allo, ƙarin mai, ƙarin haɗari. In jirgin na kamfani ne, akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar dokin da zai ɗauka, kada a wuce shi.

AWO: NAN NE GUNDARIN AIKIN

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a wannan aikin a bar ido ya huta, a ɗauko tef.

Ƙafar inji iri uku ce a kasuwa: gajera ta allo mai inci 15, doguwa ta inci 20, da mai tsawo sosai ta inci 25. A injin Yamaha za ka ga harafin S ko L ko X a jikin lambar injin. Amma kada ka tsaya a kan wannan. Ka auna injinka da kanka, daga cikin ƙugiyar da ke hawa kan katako zuwa faranti, domin sau da yawa awon zahiri yana ɗara abin da ake faɗa da kusan inci 2.

Ƙa'ida ta farko: faranti ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da santimita 2 zuwa 3. Don ka samu layin ƙasan jirgi, ka kara miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin jirgin ta tsakiya, ya leƙo baya. Daga saman wannan katakon za ka auna.

Ga misali. A ce allon bayanka santimita 60 ne daga ƙasa zuwa sama. Ka auna injinka mai gajerar ƙafa ka samu 44. Kana son faranti ya sauka da santimita 3. To 44 a cire 3, saura 41. Ke nan saman katakon mazauni zai tsaya a santimita 41 daga ƙasan jirgi, wato ƙasa da bakin allon da santimita 19. Da a ce injin mai doguwar ƙafa ne, wanda ke kai wajen 57, da saman katakon zai tsaya a 54, kusan bakin allon ke nan. Darasin da ke nan shi ne, in ba ka riga ka sayi inji ba, ka auna jirginka kafin ka je kasuwa.

Ƙa'ida ta biyu ta shafe mu masu kiwo fiye da kowa, domin jirginmu kullum nauyinsa canjawa yake. Da safe ka fita da buhu 20 na abinci, kowanne kilo 15, kilo 300 ke nan ban da mutane. Ka dawo fayau. Ranar kamu kuma ga kifi, ga durom na ruwa, wanda mai lita 200 shi kaɗai kilo 200 ne. Saboda haka ka sa jirgin a ruwa ka yi alama biyu da fenti a allon baya: inda ruwa ya tsaya in ba kaya, da inda ya tsaya in an yi lodi, kai kuma kana zaune a baya.

In ba kaya, faranti ya kasance a cikin ruwa da aƙalla faɗin tafin hannu, wajen santimita 10, ko da wani ya taka zuwa gaban jirgi. Wannan ya fi muhimmanci ga jirgin da bayansa ke ɗagawa sama in ba lodi. In kuma an yi lodi, kan injin da katakon mazauni su kasance sama da ruwa sosai, kada igiyar ruwa ta riƙa wanke su. In ka kasa samun tsayin da zai biya buƙatun nan biyu, to amsar ita ce inji mai doguwar ƙafa, ko a rage lodi.

Sai tsakiya. Ka auna faɗin allon a ƙasa da kuma sama, ka raba kowanne biyu, ka ja layi ya haɗa su. Ka tabbatar layin ya faɗa kan tsakiyar ƙasan jirgi. Inji in ya kauce gefe, jirgi zai riƙa ja ɓari ɗaya, hannunka ya gaji da gyara.

Sai karkata. Masu ƙera inji sun yi shi ne don allon da samansa ya ɗan kwanta baya da digiri 12 zuwa 15. A sauƙaƙe, a duk santimita 10 na tsayi, saman ya fita baya da ɗan fiye da santimita 2. In allonka tsaye yake ƙyam, a sa wannan karkatar a jikin mazaunin. Abin da ake nema shi ne ƙafar inji ta tsaya a miƙe, faranti ya kwanta daidai da fuskar ruwa.

ABIN DA ZA KA FAƊA WA MAI WALDA

Ga inji har doki 15, ƙarfen angul mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 5 ya yi. Kada firam ɗin ya zama akwati mai kusurwa huɗu kawai. A sa masa ƙarfe a gicciye kowane gefe, domin kusurwa uku ba ta lanƙwasa. Ɓangaren da zai kwanta a jikin allo a yi shi da tsayi, saboda duk yadda bol na sama da na ƙasa suka yi nisa da juna, haka wahalar kowannensu ke raguwa.

Katakon da inji zai kama ya kai kaurin santimita 4 zuwa 5, faɗinsa kuma ya ɗara bakin maƙalan inji. A ɗaure shi a firam da bol, ba ƙusa ba. A ɗan fafe gurbi inda tafin sukurun inji biyu za su zauna, ko a buga siririn ƙarfe a samansu, don ko sun yi sako-sako kada su zame sama.

Tazarar mazauni daga allo kuwa, kada a yi ta da ka. A kai injin wurin mai walda a gwada. A ɗaga shi sama gaba ɗaya a ga kansa bai bugi allo ba, a juya shi dama da hagu har ƙarshe, a ga hannun tuƙi yana wuce bakin allo, kuma kana iya jan igiyar tayarwa ba tare da ka leƙa rabin jikinka waje ba. Iya tazarar da ta biya wannan, a tsaya nan. Duk ƙarin da aka yi, ƙarin wahala ne ga bol na sama.

Bayan walda a kankare, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da fentin mai sau biyu, har cikin ramukan.

Akwai kuma mazaunin kanti mai sifirin, wanda ake ɗagawa a sauke. In shi za ka saya, ka duba lamba biyu da aka rubuta: iyakar doki da iyakar nauyi. Injin da ba a gauraya masa baƙin mai da fetur ya fi takwaransa nauyi, don haka doki kaɗai ba ya wadatarwa.

KAYAN ƊAURI

Bol mai kaurin milimita 10, guda huɗu aƙalla, ga inji har doki 15. Daga doki 25 zuwa 40 a koma milimita 12. A nemi na galbanaiz ko na sitenles. Baƙin bol na kasuwa damina ɗaya zai yi ya fara cin katakon da tsatsa. In an ce maka sitenles ne, ka kara maganaɗisu. Na kirki ba ya kamawa, ko ya kama kaɗan-kaɗan. Ka shafa ɗan giris a zarensa kafin ɗauri, don sitenles na da halin cijewa.

Farantin tara ta ciki: ƙarfe mai kaurin milimita 5, ko katako mai tauri, wanda ya fi faɗin mazaunin. In allon na falanki-falanki ne, farantin ya ratsa falanki biyu ko uku. Sai manyan washa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. In babu, a sa noti biyu a matse su da juna.

Abin toshe ruwa: gam ɗin jirgi irin su Sikaflex shi ne gaba. In bai samu ba, kwalta da kafintocin jirgi suka saba da ita ta fi silikon ɗin gilashi, wanda ba ya kama katako da kyau.

MATAKAN ƊAURAWA

1. Ka ɗora jirgin a tudu ya zauna daidai, ba ya karkata gefe.

2. Ka ja layin tsakiya da layin tsayin da ka lissafa.

3. Ka riƙe mazaunin a wurin da matsi, ko mutum biyu su riƙe, ka leƙa ta ciki ka tabbatar inda bol zai fito babu tokara ko wurin zama da zai hana sufana shiga.

4. Ka huda rami ɗaya na sama kawai, ka sa bol, ka sake duba awon. In ya yi, ka huda na ƙasa a ɗaya gefen, sannan sauran. Kada rami ya matsi bakin katako da ƙasa da santimita 5, kuma kada ya faɗa a mahaɗar falanki biyu. In da hali, ramukan ƙasa su kasance sama da alamar ruwan lodi.

5. Ka cire komai ka shafe cikin ramukan da gam mai haɗi biyu ko fentin mai, ya bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruɓar allon baya kuma kusan kullum daga ramin bol take farawa.

6. Ka ɗan buɗa bakin kowane rami ta waje kamar bakin mazurari, don gam ya samu wurin taruwa.

7. Ka shafa gam a bayan mazaunin da wuyan kowane bol, ka zura daga waje. Ta ciki a sa faranti, washa, noti.

8. Mutum ɗaya ya riƙe kan bol kada ya juya, ɗaya ya ɗaure noti ta ciki. A bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har gam ya ɓullo ta gefe. In washa ta fara nutsewa cikin katako, ɗaurin ya wuce kima.

9. A bar gam ya kama, kwana ɗaya aƙalla, kafin a sa a ruwa.

10. A rataya inji a tsakiya, a matse sukurunsa biyu da hannu sosai. In akwai ramukan bol a maƙalan injin, a yi amfani da su. Ga mai doki 25 zuwa sama wannan wajibi ne.

11. A ɗaura igiya mai ƙarfi ko sarƙa daga injin zuwa jikin jirgin kansa, ba jikin mazauni ba. In mazauni ya ɓalle, ita ce za ta ceci injin. Kwaɗo a hannuwan sukurun biyu kuma yana hana su kwancewa, yana kuma rage wa ɓarawo sauƙi.

IN KWALEKWALE NE MAI TSINI

Hanya biyu ce. Ko kafinta ya yanke tsinin baya ya sa allo da tokara, ko a yi mazaunin gefe, kamar yadda masuntan bakin teku a Ghana ke rataya inji a gefen manyan kwalekwalensu ta baya. Ana gicciya katako mai ƙarfi a kan bakin kwalekwalen, a ɗaure shi da bol a gefe biyu, ya leƙa waje ɓari ɗaya, a kafa allon inji a nan. Amma ga ƙaramin kwalekwale kada a wuce doki 2 zuwa 5, kuma a riƙa jera kaya ta ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Siririn kwalekwale da inji a gefe yana saurin kifewa in an yi kwana da gudu.

GWAJI A RUWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi gwajin kusa da gaɓa, da rana, ruwa a kwance, kowa da rigar kariya, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannun matuƙi. Kada ka taɓa tayar da inji a tudu, domin robar famfon da ke zuƙo ruwan sanyaya shi cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa in babu ruwa.

Da ka tayar, ka duba fitsarin inji, wato siririn ruwan da ke fita ta bayan kansa. In babu, ka kashe nan take. Sannan ka yi zagaye ba kaya, ka sake yi da lodi, wani na kallon mazaunin. In yana motsi ko allon na numfashi, a koma gaɓa.

In inji na ihu amma jirgi ba ya gaba, musamman a kwana, ko fitsarin na yankewa, to inji ya yi sama da yawa, farfela na shan iska. In ruwa na fallatsa sosai ta gefen ƙafar, jirgi ya yi nauyi, mai na saurin ƙarewa, to ya yi ƙasa da yawa. In gaban jirgi na ɗagawa yana dukan ruwa, ka matsar da sandar da ƙafar inji ke jingina a kai zuwa ramin da ya fi kusa da jirgi. In gaban na nutsewa yana huɗar ruwa, ka matsar da ita waje. Rami ɗaya-ɗaya ake matsawa, a gwada.

KULAWA BAYAN NAN

Sabon katako yana lotsawa, don haka a sake bin notin bayan fitar farko, a kuma sake bayan mako guda. Daga nan duk wata. In jirgi ya daɗe a tudu lokacin hunturu, katako ya tsuke, a duba kafin a mayar da shi ruwa. Sukurun inji biyu kuwa kullum ne, kafin a tashi. Jan layin tsatsa da ke gangarowa daga bol, ko tsaga a bakin walda, saƙo ne, kada a jira.

In ka kusa keji, ka kashe inji tun da ɗan nisa ka ƙarasa da filafili. Igiyoyin da suka riƙe keji suna ƙarƙashin ruwa. Farfela in ta kama ɗaya, fizgar a kan mazauni za ta ƙare, in kuma ta taɓa raga, kifin wata shida zai bi ta ɓarakar. Zaren koma ko na ƙugiya da ya naɗe a bayan farfela yana yanke robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar madara. Ka riƙa cire farfela lokaci-lokaci kana dubawa. Tankin fetur kuma ya zauna a baya, buhunan abinci a tsakiya a kan katako, domin abincin da ya sha fetur asara ce.

Lissafin a bayyane yake. Ƙarfen angul, guntun maɗaci, bol huɗu na kirki da gam, duk kuɗinsu bai kai ko kusa da kuɗin inji ba, balle kifin da ke jiran abinci, balle rai. Wanda bai sayi inji ba tukuna, ya fara da auna allon bayansa. Wanda kuma nasa ke rataye yanzu, gobe kafin ya fita ya leƙa ta ciki ya ga me ke riƙe da shi.

Mai tambaya ya turo da tsawon jirginsa, da tsayin allon baya, da dokin injinsa, za mu taya shi lissafi in sha Allahu. A tura wa 'yan'uwa masu keji da masunta su ma su amfana. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu a ruwa da tudu, amin.